Daren Da Kaka Ta Yi Mana Da Hantsi

Ni har yau ban iya karatu da baki rufe ba. In aka miƙo mini takarda, sai na furta kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kunnena ya ji, sannan su shiga kaina. Jikokina dariya suke yi, wai Hajiya tana hira da kwalin magani. A aji uku na tsaya, a Bungudu, shekarar da damina ta ƙi mu muka tattara daga Kekun Waje muka koma Gusau. Da wannan ɗan karatun nawa na karanta littafi guda ɗaya tak har ƙarshensa, kuma ba don kaina ba, don ƙanwata.

Mu biyar ne a gidan hayar da muka kama a Tudun Wada: Baba, Inna, Kaka wadda ta haifi Baba, ni, sai Auta. Tsakanina da Auta an haifi biyu ba su zauna ba, shi ya sa na ba ta rata sosai. Ina 'yar budurwa, ita ko haƙoran gaba ba su gama fito mata ba. Baba dako yake yi a wani sito inda ake tara gyaɗa da auduga. Inna tana ƙuli-ƙuli. Ni kuma aikina Auta.

Tun muna ƙauye ta fara da ciwon gaɓɓai, ya tafi, ya bar mata haki. In ta taka daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta tsuguna ta dafe ƙirji. A asibiti suka ce zuciya ce, suka ba mu ƙananan ƙwayoyi farare, suka ce kada ta yi gudu. Gudun me? Ƙafafun sun kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Amma ciwon yana da lokutansa kamar mai zuwa aiki. Da hantsi, in ta sha koko rana ta ɗan ɗaga, Auta mutum ce sosai, ga surutu, ga tsokana, ga tambayar da ba ta ƙarewa. Azahar na wucewa ta fara laushi. Kafin magariba jiki ya ɗau zafi, tari ya taso, a jingina ta da matasai a zaune, ko mai magana ba ta ganewa sosai. Duk abin da za ka yi da Auta, da hantsi za ka yi shi.

Wata Asabar Kawu ya zo daga Tsafe. Ƙanen Inna ne, malamin firamare. Bayan an gaisa ya duba jikin Auta, sai ya ciro wani littafi daga aljihun gefen rigarsa ya ɗora mata a cinya.

"Tun muna elementare nake tare da shi," in ji shi. "Ya girme ki, ya girmi yayarki. Ki girmama shi."

"Kawu, tsoho ne ke nan? Shi ma yana tari?"

Bangon ya daɗe da tafiya, an yi masa wani da takardar buhun siminti, an ɗinke gefen da zare mai kauri. Takardun sun yi ja kamar an tsoma su a shayi. Babi-babi ne, kowane babi da hoto ɗaya na baƙin tawada a kansa. Sunan littafin ya tafi da bangon, mu dai littafin akuya muke ce masa. Labarin wata yarinya ne da ƙanenta a bakin wani babban kogi. Yaron ya shiga kwale-kwale yana wasa, igiya ta kwance, ruwa ya tafi da shi. Yarinyar ta bi gaɓar kogin tana nema, ita da wata tsohuwar akuya mai magana, mai mita kuma. Kowane babi sai su isa wani gari, a ce musu an ga kwale-kwalen ya wuce.

Kawu ya karanta babin farko nan take a tsakar gida, a inuwar darbejiya, rana tana ƙwallewa. Auta ta manta da haki. Ni kuma ina kallon Kaka. Tana gefe tana kaɗi, akuyar nan na buɗe baki ta yi magana sai na ga mazarin ya tsaya cak. Ta bar shi ya ƙarasa, don Kawu baƙo ne kuma dangin sarakuwa. Sai da ya yi sallama ya tafi tasha neman motar Tsafe, ta kira ni.

"Ke, taho nan. Mine ne wanga abu?"

"Karatu ne, Kaka. Na makaranta."

"Akuya ta yi magana ciki?"

"Ta yi."

"Kin taɓa jin akuya ta yi magana a makarantarku?"

Auta ta ce, "Yayata ta yi, ai ita ce akuyar ajinsu."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In akuya ta yi magana, tatsuniya ce, ko da ruwan zinari anka rubuta ta. Kuma cikin gidan ga ba a tatsuniya da rana. In dare ya yi ku yi abinku."

Kowa ya san wannan a lokacinmu. Ana cewa wanda ya yi tatsuniya da rana, ko shi ko wani nasa sai ya ɓata. Gidaje da yawa faɗa kawai ake yi don yara su tashi su yi aiki. Na ɗauka namu ma haka ne. Da Baba ya dawo na kai ƙara, ya ce, "Abin da tsohuwa ta ce shi ke nan." Inna kuwa ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Kaka ba, ko ido ba ta haɗawa da ita.

To sai muka koma bayan magariba. Inna ta goge ƙwan fitila ta kunna, in zauna a bakin gado in ɗora yatsa a ƙasan layi. Ka ji karatun aji uku: in kama kalma mai tsawo in gutsura ta, in maimaita, in haɗa. Kafin in fitar da akuyar daga layi biyar Auta ta fara tari, ko idon ya lumshe. Washegari da hantsi ta tashi garau ta ce, "Jiya ina muka tsaya?" In gaya mata. Ta ce, "Ban ji wurin ba, a sake." Muka kwashe kusan wata ba mu bar gari na biyu ba. Ga littafin a ƙarƙashin matashinta duk tsawon hantsi, tana buɗe hotunan tana tambaya, ni kuma ba halin in amsa.

Na taɓa ce wa Kaka, to in na karanta a zuci fa, ban buɗe baki ba? Ta yi tunani ta ce abin da bai fita baki ba bai zama tatsuniya ba. Na shiga bayan ɗaki da murna, wai in karanta gaba in riƙe a kai, da dare in zubo mata da sauri kafin barci. Ina! Baƙaƙen suka tsaya suna kallona ina kallonsu. Ban ankara ba sai na ji muryata tana fita, Kaka kuma ta ɗaga murya daga tsakar gida: "Ina jin ki hwa!"

Inna ce ta gaya mini dalili, wata rana muna matsar tunkuza, hannuwanmu duk mai. Ta rage murya ta ce Baba yana da ƙane. Yaro ne mai ƙiriniya, wata rana da rana tsaka ya dami Kaka tana aiki, ta yi masa tatsuniya don ya zauna wuri ɗaya. Ranar kasuwar da ta biyo ya bi manya zuwa Mada sayar da kaji, aka neme shi aka rasa. An yi cigiya, an bi tashoshi, an bi bakin gulbi. Ba gawa, ba labari.

"Ita ta yi imani bakinta ne," in ji Inna. "Kada ki sake ki yi mata musu a kan wannan."

Daga ranar na daina ganin Kaka a matsayin mai taurin kai. Amma hakan bai ƙara wa Auta ko layi ɗaya ba.

Da bazara ta shigo, aka aiko mijin ƙanwar Kaka ya rasu a Kekun Waje. Ta ɗaure kayanta ta tafi, za ta zauna har a yi sadakar bakwai. Washegarin tafiyarta Baba ya fita aiki, Inna ta leƙa zaure, ta dawo ta tsaya a kanmu tana goge hannu da gefen zane.

"Ina littafin?"

Auta ta zaro shi.

"Ku yi. Allah shi ke ɓatarwa, shi ke mayarwa. Ni ban ce ku gaya wa kowa ba."

Kai, waɗannan kwanaki! Ashe karatun nawa ma da hasken rana ya fi gudu. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, na jingina Auta da turmi, muka kama hanya. Muka wuce garin masunta inda aka so a yanka akuyar, ta tsira da surutu. Muka wuce garin da kowa ke tafiya da baya don kada ya ga abin da zai same shi. Auta takan tsayar da ni ta yi gardama da mutanen littafin. "Ƙarya yake, ya ga yaron! Duba idonsa a hoton." In yarinyar ta zauna ta yi kuka sai ta ce, "Tashi ke, rana na yi."

Ni kuma abin da Allah ya ba ni shi ne kunne. Duk wanda ya yi magana sau biyu a gabana na ɗauke muryarsa. Sarkin masunta na ba shi muryar mai gidan hayarmu. Akuyar kuwa na ba ta muryar wata dattijuwar Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta wajen Mada, mai jan magana ta hanci, wadda kome ka ce mata sai ta ce, "Allah sarki, mi kuka sani ku mutanen birni." Na riƙa ƙara wa akuyar wannan ko babu shi a rubuce. Auta ta yi ta dariya har sai na tsaya na shafa mata baya.

Ranar nan ina tsakiyar mitar akuya, ban ji sallama ba, sai ga mai nono tsaye da ƙwarya a ka.

"Wa ke magana da bakina cikin gidan ga?"

Na rasa inda zan sa kaina. Auta ta nuna ni da yatsa, ta ce, "Goggo, ke ce akuya!"

Matar ta sauke ƙwaryar a hankali, ta zauna a bakin tabarma. "To, in ni ce, a ci gaba in ji mi nac ce." Ta saurara har ƙarshen babin. Ta ce akuyar ta fi duk mutanen littafin hankali, ba mamaki. Ta ɗebo kindirmo ludayi guda ta ba Auta kyauta. Daga nan kullum sai ta daidaita zuwanta da karatun, ta riƙa gyara mini: "Ba haka nika cewa ba, ja shi da tsawo."

Kafin Kaka ta dawo mun ci littafin sosai. Abin da ya rage a hannun dama ɗan siriri ne, babi biyu. An gaya wa yarinyar cewa a gari na gaba akwai gidan da aka tsinci wani yaro a kwale-kwale.

Kaka ta dawo da yamma, da tsarabar ƙuli da ɗanyar kuka. Washegari da hantsi mai nono ta yi sallama, ta gaishe ta da hanya, ta yi mata gaisuwar rasuwa, sannan ta juyo gare mu da fara'arta.

"Yau ba a karatun? Ina akuyata? Ni jiya ko barci ban yi ba don tunanin yaron nan."

Ba wanda ya gaya wa mai nono dokar gidanmu. Laifin wa? Ita a rugarsu ba su ɗauki abin da zafi ba. Kaka ta dubi Inna, ta dube ni. Ta biya nono, ta shiga ɗaki.

Kuma a ranar ne Baba bai dawo gida ba.

Bai taɓa wuce la'asar sakaliya a waje ba. Aka yi magariba, aka yi isha'i, shiru. Da gari ya waye Inna ta aike ni siton, na tarar da maigadi, ya ce shi dai ya ga an kwashi 'yan dako a babbar mota tun jiya da azahar, bai san inda aka nufa ba. Na dawo na tarar da Kaka a zaure, zaune a ƙasa, fuska ga hanya. A nan ta kwana. Kokon da aka ajiye mata ya yi sanyi ya yi fata. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi. Leɓɓanta kawai ke motsi, duk wanda ya gifta ta ɗaga kai.

Bayan azahar sai ga Baba, duk jikinsa farin auduga. An kai su ɗaukar kaya ne wani ƙauye bayan Tsafe, motar ta karye a hanya, suka kwana a gindinta. Yana ba da labari yana dariya, wai sauro ya ci rabonsa. Kaka ta miƙe da ƙyar, ta kama hannunsa ta shafa tun daga kafaɗa har yatsu, kamar mai duba ko an rage wani abu. Sannan ta wuce ɗakinmu, ta sa hannu ƙarƙashin matashin Auta ta ɗauke littafin.

"An ari ɗana an mayar mini," ta ce. "Ba ni jarrabawa ta biyu."

Ta sa shi a adudunta ta rufe. Ta ce bayan isha'i duk mai so ya zo ya karɓa, da asuba a mayar.

Amma a lokacin Auta ba ta da sauran bayan isha'i. Zafin bazara ya taso mata da ciwon. Kumburin ya hau har ciki. Aka koma asibiti, aka yi mata allura, aka ce mu kai ta gida mu riƙa ɗaga mata kai. Hantsin nata ma ya fara gajarta, kamar ana datsa shi ta baya. Na gwada sau da dama da dare, in karɓo littafin in zauna, in yi layi biyu in ga ba kowa nake yi wa ba.

Ɗan lokacin da Auta take samu da safe, Kaka take bi da tsiya. Da ma su biyun haka suke.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, kin sace mini akuya."

"Ni ina ruwana da akuyarki mai bakin tsiya irin naki."

"Tana cikin adudunki tana cin goronki."

"Ta ci, ta biya."

"Kaka, yarinyar ta ga ƙanenta?"

Nan Kaka takan tashi ta ce ta bar wani abu a wuta.

Ni ma Auta takan tambaye ni, in ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba. Wata rana na ce bari in ƙago mata, sai ta harare ni. "Na bakinki daban, na littafi daban. Ni na littafi nika so."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ban manta ba don ranar ce Inna ke suya. Auta ta tashi da wani irin haske da muka kwana biyu ba mu gani ba. Ta sha koko rabin kofi, ta ce a yi mata kitso, ta ce a kira mata Kaka. Inna ta dube ni, na ga abin da ke idonta, na kawar da kai. Manya sun san irin wannan sauƙin.

Kaka ta shigo ta zauna a bakin gado. Auta ba ta yi tsokana ba. Ta kama bakin zanenta ta ce, "Kaka, ni ba ni kaiwa dare. Kullum in dare ya yi ba ni nan."

Kaka ta daɗe tana kallon hannun da ke riƙe da zanenta. Sai ta miƙe ta fita. Muka ji ta a zaure tana tare Baba, wanda ya riga ya rataya tsumman kafaɗarsa zai tafi aiki.

"Yau ba ka hita."

"Tsohuwa, ana jira na."

"Su jira. Yau ba mai hita gidan ga, ko kai ko kowa. Sa sakata."

Ya sa. Ta ce ya kwaso tabarmi. Ta fito da zannuwanta na cikin adudu, har da baƙin saƙi da ba ta ɗaurawa sai da salla. Ta sa Baba ya rufe taga da tabarma ya danne da kara, ya saki asabarin ƙofa ya rufa masa zane biyu. Ita da kanta ta bi ɓarakar da ke tsakanin bango da kwano tana cusa tsumma, tana ɗage a kan turmi, Baba na riƙe da ita. Duk inda zaren haske ya shigo sai ta ce, "Ga wata can." Har ɗakin ya yi baƙi ƙirin, ban ganin tafin hannuna.

"Kunna hitila," ta ce wa Inna.

Inna ta ƙyasta ashana. Kaka ta miƙo mini littafin, yana warin goro da turaren adudu.

"To, dare ya yi. Ku yi tatsuniyarku."

A waje ana tallan koko, kaji na kuka, injin niƙa na maƙwabta na ta ruri. Auta ta yi 'yar dariya ta ce, "Kaka, daren naki da zakara."

"Rufa mini baki, zakaran ne bai da hankali."

Baba ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, shi da bai taɓa jin ko babi ɗaya ba. Kaka ta tsuguna a bakin ƙofa ta ciki, ta danne gefen zanen da ƙafa. Na ɗora yatsa na fara.

A babin nan akuyar ta gurɗe a ƙafa, ta ce wa yarinyar ta wuce ta bar ta a gindin wata tsamiya. Na yi muryar, amma ta ƙi fita daidai. Auta ta ce, "Ba haka take cewa ba. Ja shi da tsawo." Na ja. Ta ce, "Kada ta bar ta." Na ce ai ga shi nan ta ɗauke ta a kafaɗa. Ta ce, "Yauwa."

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa a cikinmu shi ne iska. Ɗakin kwano ne, bazara ce, mutum biyar, ga fitila tana hayaƙi, an toshe kowace kafa. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓata yana faɗa wa takarda. Ina shiga babin ƙarshe na ji numfashin Auta ya canja, ya koma gajere, da wani ƙaramin sauti a ƙarshensa kamar ana taka busasshen ganye. Na ƙara sauri, saurin kuma ya sa na riƙa tuntuɓe. Yarinyar ta shiga garin, tana bi gida-gida, kowa na nuna mata gaba. Wanda ya rubuta littafin nan bai san ana sauri ba, sai da ya tsaya ya faɗi kalar kowace ƙofa.

Tari ya sarƙe ta. Inna ta ɗago ta tana fifita da murfin kwano, tarin ya ƙi tsayawa. Sai na ji Inna ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, "A gafarce ni." Ta miƙa hannu ta fizge tabarmar taga. Kara ya faɗi. Rana ta faɗo ɗakin gaba ɗaya, har fitilar ta koma kamar ba a kunna ba.

Na tsaya da yatsa a kan layi. Kowa ya dubi Kaka.

Ta dubi tagar, ta dubi Baba da ke zaune a gabanta, ta dubi Auta da ke jan iska baki buɗe. Sai ta jawo mayafinta ta lulluɓe kanta har fuska, ta juya ga bango.

"Ni ban ga rana ba," ta ce daga ciki. "Ci gaba."

Iska ta ɗan shigo, tarin ya lafa. Auta ta kwantar da kai a ƙirjin Inna, idonta biyu, tana kallon bakina. Na karanta inda wata mai tukwane ta nuna wa yarinyar gida na ƙarshe a bakin ruwa. Ta sauke akuyar, ta gyara ɗankwali, ta tsaya a ƙofa ta yi sallama.

"An amsa?" in ji Auta. Da ƙyar na ji.

Na duba layi na gaba na haɗa shi. "An amsa."

Ta lumshe ido. Na dakata ko za ta buɗe, Kaka ta ce daga cikin mayafi, "Ƙarasa." Na ƙarasa. Shafi uku ne ko huɗu. Yaron yana gidan, ya yi ƙiba, har ya koyi saƙar taru. Na karanta har kalmar ƙarshe da ƙarfi, kusa da kunnenta, da duk muryoyin. Ba wanda ya motsa sai da na rufe bangon.

Ba ta ƙara samun hantsi irin wannan ba. Ta farka da yamma ta nemi ruwa, washegari ta kira Inna sau ɗaya. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci Allah ya karɓi abarsa. Kawu ya zo daga Tsafe, dangi suka zo daga Bungudu, mai nono ta zo ba ƙwarya ta zauna da mu har la'asar.

Inna har ta koma ga Allah tana cewa Auta ta ji ƙarshen. Ta ce tana riƙe da ita, ta ji yatsunta sun motsa daidai inda aka fito da yaron. Ban taɓa yi mata musu ba, kuma ina fata haka ne. Amma ni na yi shekaru ina kwana kusa da numfashin yarinyar nan, na san na farke, na san na barci. Abin da na tabbata ta ji shi ne yarinyar ta kai ƙofar, ta yi sallama, an amsa daga ciki.